Tsohon Diskin da Na Bar wa Mai Gyara a Madawa

Abin nan ya ba ni wuya, kuma har yau bai sake ni ba. Na yi noman albasa ruwa ya cinye, na yi bida, wato ci-rani, can ƙasar waje a Abija na dawo da ciwon baya, duk ba su kai wannan ba. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, ku yi haƙuri da rubutun, yadda ya zo mini haka zan faɗe shi.

Lokacin na haura arba'in, ina zaune a ƙauyenmu cikin ƙasar Ibohamane, baya ya hana ni duƙawa a gona. Sai na koma tura waƙoƙi da wa'azi da fim a katin memuwar, ina yi wa mutane sharjin salula da panno mai aiki da hasken rana. Jarina duka wata tsohuwar ordinatar ce, wato kwamfuta, da na zo da ita daga bida. Ran kasuwa in ɗaure ta a bayan moto, babur ɗina ke nan, in nufi Keita ko Garhanga, in kafa tebur cikin rumfa. Bayan wannan akwai aikin ajiya. Rabin mazan garinmu suna waje, matansu na aika musu hoto da bokal, wato saƙon murya, a salula, su ma suna aiko musu. In kati ya cika, mace ba ta son gogewa, sai ta ce in kwashe in ajiye mata cikin ordinatar.

Cikin masu ajiyar har da matar ƙanena, wanda ke Libiya. Kun san yadda muke. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ni ma ban taɓa kama sunanta ba. In muka yi kiciɓis a zaure sai ta durƙusa ta juya fuska ga bango har in wuce. Matata ce ke kawo katinta. Ta gaya mini tun farko cewa abin da ke ciki na miji da mata ne, hotunan da take ɗauka a ɗakinta don mijinta kaɗai, kuma tana tsoron barin su a salula saboda yara na wasa da ita. Ta ce in kwashe kawai, kar in buɗe. Wallahi ban taɓa buɗewa ba.

To, ordinatar ta tsufa. In na kunna ta sai in ɗora shayi in sha kafin ta farka, tana gurnani tana zafi, mutane na tsaye a kaina suna tsiya, wai in kai ta asibiti ko in yi mata sutura. Sabuwa ta fi ƙarfina. Wani direba ya ba ni labarin mai gyara a Madawa, kusa da tasha, wanda ke canza wa tsofaffi kayan ciki su koma gudu. Na kai mishi. Ya ce allo da jiki lafiya lau suke, diski ne ya gaji, wato rumbun da kome ke zama a ciki. Zai cire shi ya sa wani irin mai sauri, na hannu amma mai kyau, ya ƙara mata abin da ya kira ram. Ya kwashe kayana duka ya zuba a sabon, a gabana. Da ya gama ya ɗaga tsohon ya tambaye ni ko ina so. Ni kuwa abin da na sani na injin ban ruwa ne: in bakanike ya canza ma ƙarfe, tsohon nashi ne, ba a neman shi, rowa ce. Kuma a kaina, tunda an kwashe kaya an zuba a sabo, tsohon ya zama fanko, kamar buhun da aka juye. Na ce ya riƙe. Ya jefa shi cikin kwali.

Ta yi gudu kam. Na yi makonni ina murna ina yabon mutumin a kasuwa. Sai ran nan a Garhanga, da hantsi, ciniki ya lafa, ina ta latse-latse na ci karo da wani dosiye, wato jakar ajiya a cikin diskin, da ba ni na yi shi ba. Na buɗe. Hotunan wani gida ne da ban sani ba: suna, yara cikin kayan lakwal, wani mutum mai tabarau da alama mushe ne, wato malamin lakwal. Na ci gaba, sai ga matar gidan a ɗakin kwananta, kai ba ɗankwali, irin shigar da mace ba ta yi sai ga mijinta. Na rufe da sauri har tebur ya girgiza. Da farko haushi na ji, na ce wane irin sakaran miji ne ke barin sirrin iyalinshi a hannun baƙo. Ban gama tunanin ba sai na farga. Wannan diskin a cikin ordinatar wani aka ciro shi, shi ma an kwashe mishi kaya, amma ga su nan ba su tafi ko'ina ba. To nawa fa? Mai sayar da goro da ke gefena ya ce fuskata ta zama toka, ya ɗauka ciwon ne ya tashi.

Ban naɗe rumfa ba na hau moto sai Madawa. Mai gyaran ko gezau bai yi ba. Ya ce kwashewa ba gogewa ba ce, kowa ya san haka, kuma ai ya tambaye ni na ce ya riƙe. Na tambaye shi don mi bai wanke shi ba kafin ya fitar. Ya ce ba wanda ya sa shi. Ya sa diskin a ɗan akwati mai waya ya sayar wa wani mai sana'a irin tawa a cikin tasha, don tsofaffin nan suna cin fim da yawa. Da na ji mai sana'a irin tawa ne, na gane abin ya ɓaci, don na san yadda muke aiki: mutum ya miƙo kati ya ce a cika mishi, ka zuba abin da ke akwai.

Na same shi a rumfarshi, direbobi da 'yan kabu-kabu kewaye da shi. Na ja shi gefe na yi mishi bayani. Dariya ya yi, ya ce ashe ni ne mai garar, ya ce kayan ƙauye sun fi na waje kasuwa. Kafin in hana shi ya juyo allon ya tambaye ni ko wannan nake nufi. Na ga labulen ɗakin ƙanena, wanda ni na sayo shi a Abija. Na ga gefen kafaɗa. Na kau da kai. Ban san lokacin da na shaƙe wuyanshi ba, sai da mutane suka ɓamɓare ni. Wani dattijo cikin direbobi ya sa baki, aka ba ni diskin, aka goge abin da ya kwafa a gabana. Amma da aka matsa mishi ya ce ya riga ya zuba wa wasu a kati, bai san ko su wa ba, matafiya ne, wasu sun yi Ƙonni wasu sun yi Maraɗi wasu Bouza. Na koma wurin mai gyara na tsaya a kanshi har ya wanke na mushen nan tas. Tsohon diskin nawa kuwa na ɗora shi kan dutse a bakin hanya na farfasa, ina sane da cewa aikin banza nake yi.

Da na iso gida na gaya wa matata. Ta ce kullum ita ke ɗaukar saƙo tsakanina da yarinyar nan, amma wannan ba za ta ɗauka ba. Ta ce motocin Bouza na zuwa kasuwarmu, 'yan garinmu kuma cike suke a Libiya, hoto ɗaya ya faɗa salular wani shi ke nan, kuma ba wanda zai tambayi yadda aka yi ya fita. Ita za a zaga. Mijinta zai tambaya wa ta aika wa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa na rubuto. Gyaran tsohuwar ordinatar ba laifi ba ne, tawa tana aiki har yau. Amma diski ba ƙarfen inji ba ne. Duk wanda aka cire wa, ya karɓi abinshi a hannu ya tafi da shi, ko a wanke shi yana kallo, ko da mai gyara zai ce ya cika rowa. Ku kuma 'yan'uwana masu tura waƙoƙi, kar ku karɓi ajiyar abin da ba ku san yadda ake tsare shi ba. Ni na ɗauka rashin buɗewa shi ne riƙon amana. Ashe da saura.

Washegari bayan asuba na je ƙofar sashenta. Tana daka a bayan zana. Na juya baya na yi sallama, taɓarya ta tsaya. Na faɗa mata duka, da bakina, na ce laifin nawa ne ba nata ba, kuma haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ban ƙara jin dakan ba. Daga nan na hau kan tudu inda rezon salula ke kamawa, na zauna a kan dutse, na kira ƙanena.