Mai Jego a Akwatin Mma Fuseina

A unguwar Maamobi da wuya ka shiga gidan da Mma Fuseina ba ta taɓa wanke jariri a cikinsa ba. Shekara arba'in ke nan tana yawo da tsohon bahonta da man kaɗanya, tun tana riƙe wa kakarta soso. Akwai direbobin trotro, wato motocin haya, masu furfura da in suka ɗaga mata murya sai ta ce, "Kai, ni na gasa maka cibiya," su yi tsit.

Dokarta ɗaya ce: ba a tayar da mai jego daga inda ta haihu sai ta tashi don kanta. A kan wannan doka ta kori mazaje, ta kori surukai, kuma unguwa ba ta manta ba.

Saura sati uku bikin jikarta Hidaya, ta buɗe akwatinta don yayin biki, wato atamfar da dangi duka za su sa iri ɗaya, ya sha iska kafin a kai wa tela. Ta je Kasuwar Malam Atta ta dawo, sai ga kyanwar maƙwabta kwance a kan atamfar, da 'ya'ya huɗu jiƙe sharkaf.

Mma ba ta ƙaunar kyanwa. Ta ɗaga tsintsiya.

"Kaka," in ji Hidaya, "mai jego ce fa."

Tsintsiya ta sauko a hankali.

Da yake ido ya saba da aiki, sai ta tsuguna tana dubawa. Idanu a rufe, kunnuwa a naɗe. Ta tafa hannu, ko motsi. Kwana uku cibiya ta faɗi, ta ce, "Ka ji masu kirki, ba irin namu masu ja wa mutum rai ba." Uwar kuwa lashe su take tas, ba baho ba soso. Wannan kam bai yi wa Mma daɗi ba. Ranar kwana tara ɗayan ya buɗe ido guda, shuɗi kamar bula, sai da Hidaya ta ɓoye kwalli kada Mma ta sa masa.

Tela Jalilu ya aiko cewa in kaya bai zo ranar Laraba ba, kada a ga laifinsa. Mma ta lallaɓa ta kama gefen atamfar za ta zare. Tana waiwayowa ta ga Zenabu a bakin ƙofa, wata surukar da Mma ta taɓa kora daga ɗakin mai jego, har ta jawo kujera ta zauna.

"Ja mana, Mma. Mu dai kallo ya kawo mu."

"Gyara musu shimfiɗa nake, 'yar sa ido."

Laraba ta wuce. 'Ya'yan suka fara jan ciki, kunnuwa suka miƙe, suka soma tafiya suna tangaɗi kamar wanda ya sauko daga motar unguwar Madina mai nisa ƙafa ta yi masa tsami. Kowa ya karɓo ɗinkinsa, ban da kakar amarya.

Ana gobe biki, da hantsi, kyanwar ta kamo su ɗaya bayan ɗaya ta ƙeya, ta fice da su. Mma ta yi hamdala, ba ta ma tambayi inda aka koma ba. Ta wanke atamfar sau uku, ta ɗaura rabi, ta yafa rabi, ba ɗinki, zare na reto inda farce ya ja. Duk wadda ta tambaya a wurin biki sai ta ce haka manya suke sawa a da.

Ana cikin rabon abinci aka zo daga unguwar Nima a guje: matar wani Issaka ta sauka, a zo da baho. Mma ta koma gida, ta leƙa bayan ƙofa inda take ajiye shi, ta daɗe a tsaye. Sannan ta fito da soso da man kaɗanya kawai.

"Ku ce su nemi baho a can," ta ce. "Nawa da mai jego a ciki."