Buhun Ƙyallen Jirgin Chaïbou

Chaïbou mutumin Gaya ne, ya tashi a bakin kogin Kwara. Yanzu kaya yake lodi a wani sito da ke titin Wendover, a birnin Greensboro. Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan Nijar na Greensboro shi ne tsohon jirgin ruwansa mai tafiya da iska, wanda yake ajiyewa a tafkin arewacin gari.

Matarsa Fassouma ta daɗe tana so a sayar da shi. Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya: za ta hau sau ɗaya, in ta ga haɗari, jirgi ya tafi.

Ban da ƙyallen tsakiya, jirgin yana da ƙyallen gaba biyu masu kama iska. Babba na iska mai laushi ne, ƙarami na lokacin da ta yi ƙarfi, kowanne da buhunsa. Ran Asabar suka fita da babban. Suna tsakiyar tafki iska ta taso, jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa ya fara shigowa. Chaïbou ya rarrafa gaba, ya sauke babban, ya danne shi da gwiwa, ya kwance buhun ƙaramin.

Dabino ne ya zubo. Sai goro, sai ledojin cincin, sai turmin atamfa.

Ya daɗe yana kallon kayan, bakinsa a buɗe.

"Maman Leïla, ina ƙyallen?"

"Innalillahi!" Ta dafe ƙirji. "Wannan farin? Oumou na ara wa, ta yi rumfa ranar sunan jikanta."

"Rumfa?"

"A gareji na gan shi, Malam, ba abin da yake yi! Da ta maido buhun na ji nauyi, na ɗauka yana ciki."

Oumou maƙwabciyarsu ce, kuma ba ta mayar da abin aro hannu rabbana. Ta cika buhun da kayan suna, ƙyallen kuwa yana nan ɗaure a bayan gidanta.

Chaïbou ya cusa babban a buhunsa, ya rage ƙyallen tsakiya, ya lallaɓa jirgin zuwa gaɓa. Fassouma tana kwashe ruwa da kwano tana salati, dabino na yawo a ƙafafunta.

Da suka taka ƙasa ya tsaya jiran hukunci. Ta matse gefen zaninta.

"Wannan haɗarin ni na jawo shi, ba jirgi ba," ta ce. "Bar abinka. Mu biya gidan Oumou ka kwance rumfar."