Maƙabartar da Ka Nema wa Wasu

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina zaune a ƙofar gida a Batsari bayan la'asar, matarka Mahfuza ta kira daga Amurka. Ta ce zuciyarka ta tsaya kana shirin fita ofis. Nu'uman ƙanena, ni ne babba, kullum zatona kai za ka saka ni a rami.

Karatu ya kai ka wani ƙaramin gari a jihar Ohio, aiki ya riƙe ka har ka zama ɗan ƙasa. Ranar da aka zaɓe ka ɗan majalisar garin na yi maka tsiya, na ce ka tsallake teku don ka zama kansila, abin da ɗan Safana ke samu da babur ɗaya da lasifika. Ka yi ta dariya har tari ya sarƙe ka. Daga baya na gane ba irin kansilolinmu ba ne kai. Ka sa motar haya ta riƙa bi ta unguwar leburori. Wata tsohuwar Baturiya da aka yanke wa wuta a tsakiyar sanyi, a gidanta ka wuni har aka mayar mata.

Amma babban aikinka maƙabarta ce. Musulmin garin sai sun ɗauki gawa zuwa wani gari mai nisa. Ka nema musu fili, maƙwabtan filin suka tashi haiƙan don hanawa, har ka faɗi zaɓe a kan maganar. Ba ka yi zuciya ba. Ka sake tsayawa, ka bi su gida-gida, ka ci, aka ba da filin.

Zuwanka na ƙarshe mun ziyarci kabarin Baba a ƙauyenmu, Gidan Jinjiri, tsakanin Batsari da Safana. Ka nuna wani wuri kusa da shi da ƙafarka, ka ce, "Yaya, waccan ta mutane ce. Ni nan za ka kawo ni." Na ce in sha Allahu.

Shi ya sa da Mahfuza ta ce, "Yaya, mu shirya kawo shi gida?" sai na tambayi kaina: Wane gida? 'Yan bindiga sun tashi Gidan Jinjiri tun daminar bara. Waɗanda suka kai gawa can a karo na ƙarshe, da su aka wuce daji, har yau biyu ba labari. Yanzu ga ciyawa ta yi tsawo, ko da rana ba mai bin hanyar. Ba zan kai rayayyu halaka saboda mamaci ba, ko da kai ne. Na ce, "Ku yi masa sutura a can." Wallahi ban taɓa furta magana mai ɗaci irin wannan ba.

An ce maƙabartar ta cika da jama'a, har waɗanda suka yaƙe ka sun zo sun tsaya daga gefe. A ƙasar da ka nema wa wasu aka kwantar da kai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mahfuza, da 'ya'yanka Jamaluddeen da Nazifa, da mutanen Gidan Jinjiri a duk inda suke gudun hijira. Wurin da ka nuna kusa da Baba yana nan babu kowa. Allah ya buɗe mana hanyar gida kafin tawa ta zo.