Sunayen da na goge da yatsa ɗaya

Komai zan manta a duniya, ban da ranar da na goge sunayen danginmu da hannuna.

Lokacin na gama karatun kwamfuta a Ƙaura Namoda, kai ya kumbura. Na haɗa wata 'yar manhaja ta rubuta asalin zuri'a, da gurbin suna, na uba, na gari. Abin alfaharina shi ne ba sai an taɓa linzamin kwamfuta ba: maɓallin Tab ya kai ka gurbi na gaba, na Enter ya adana. Har maɓallin "goge duka" na sa, don son burgewa.

Na ɗauki kwamfutata na tafi Shinkafi wurin kakata. Ita kaɗai ta rage da ta san wa ya haifi wa, wa ya koma Dauran, wa ya yi aure Katuru. Ta yi ta tsokanata wai angon nata ya kawo mata kishiyar ƙarfe maimakon goro. Kwana huɗu muna bisa tabarma, tana lissafowa, ina bugawa.

Rana ta huɗu ta iso kan 'ya'yanta da suka rasu, har da mahaifina. Muryarta ta fara rawa. A gidanmu ba a kallon babba yana hawaye, sai na sunkuyar da kai, yatsuna suna ta aiki. Ashe na danna Tab fiye da ƙima, ya tsallake guraben ya sauka kan wancan maɓalli na gogewa. Na buga Enter. Akwatin tambayar ko a goge ya fito, ni kuwa na tsara shi yana tsaye kan "e". Na sake bugawa.

Da na ɗago kai, allon fari fat. Ban ajiye kwafi ko'ina ba.

Kunya ta sa na ce mata an kammala. Ta dafa kaina ta ce, "Madalla, ɗan nan. Yanzu ko na tafi, ba su ɓacewa."

Na ce a raina zan dawo bayan girbin gero mu sake. Ba ta kai girbi ba, Allah ya jiƙanta. Abin da na tuno bai kai rabi ba, kuma har yau yana ci mini rai.

Tun ranar, duk manhajar da na haɗa, tambayar gogewa kan "a'a" take tsayawa. Na kuma koyi cewa in ka yi wa tsoho ɓarna, faɗa masa ranar, tun yana nan.