Daron Baba Agwagwa

Shekara ashirin da bakwai yana riƙe agwagi a ɗakin gwaji na makarantar likitocin dabbobi, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin ɗalibai. Baba Agwagwa suke ce masa, shi kuwa ya amsa.

Aikin ba shi da yawa, amma sai mai sanyin hannu. Zai naɗe agwagwa a tawul, ya manna mata wayoyi a ƙirji, ya yi ta shafa wuyanta har ta bar fizge-fizge. Sannan ya tsoma bakinta da hancinta a daron ruwan sanyi. A allon na'ura sai a ga bugun zuciyar da ke gudu kusan ɗari biyu a minti yana ja da baya, har ya sauko ƙasa da hamsin. Malamar ajin kan ce can gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai wurin da ke samun labari ruwa ya rufe hanci, sai ya aika ta wata doguwar jijiya cewa zuciya ta sassauta, a yi tsimin iska. Baba bai taɓa riƙe sunan jijiyar ba. Birki yake ce mata. Kuma ko Malama ba ta gama bayani ba, da lokaci ya cika yakan ɗago kan agwagwarsa.

A gida ma yana da daro, shuɗi, mai tsaga a baki. Matarsa ta daɗe da wata lalura: tana zaune lafiya sai zuciyarta ta ɗauki gudu, ta dafe ƙirji tana haki. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya tambayi likitanta ko mutum ma yana da birkin. Likita ya yi dariya, ya ce yana da shi, su gwada, in bai lafa ba su garzayo asibiti. Tun daga nan, da abin ya motsa sai Baba ya kawo ruwa da ƙanƙara. Ta tsoma fuska, shi yana riƙe da wuyan hannunta, yana sauraron bugun da yatsu biyu har ya dawo daidai.

"Malam, ka mai da ni agwagwarka," takan ce, ruwa na ɗiga daga haɓarta.

"Ai su ba sa mita."

Wata huɗu da suka wuce, Auta, 'yarsu da ke aiki a wani gari mai nisa, ta zo ta tafi da uwar aka yi mata aikin zuciya. Abin bai sake tashi ba. Baba ya yi hamdala, har ya rage wa agwagi aiki ranar. Sai dai Auta ta ce Mama ta yi zamanta can kusa da babban asibiti, me za ta koma yi? Baba ya ce a ransa gaskiya ne. Wadda ta warke, me za ta yi da tsoho da daro?

Kullum suna waya da matarsa. Yakan ba ta labarin farar agwagwar da ta cije ɗalibi, da famfon da ke yoyo. Sau da yawa maganar takan zo masa har leɓe, sai ya haɗiye, ya ce, "To, a gaida Auta." Daron kuwa yana wanke shi duk mako, ya kife a inda ta saba gani.

Ranar nan da hantsi yana watsa wa agwagi dusa, wayar ta yi ƙara.

"Malam, yau an auna ni. Wai zuciyata kamar ta budurwa."

"Madalla. Madalla."

"Wani ɗan abu suke maƙala mini a yatsa, ya nuna lamba, a zare. Ko kallona ba a yi." Sannan ta ce, "Daron nan yana nan, ko ka kai wa kishiyoyina masu fukafukai?"

"Yana nan. Ai ba ki da bukatarsa yanzu."

"Na ce maka ina bukata? Tambaya na yi."

Baba ya ajiye kwanon dusa. Ya ji nasa ƙirjin yana dukan rigar aiki, ya san da za a manna masa wayoyi, da ɗalibai sun sha kallo.

"Maman Auta," ya ce, "gidan ya yi mini girma. Ki dawo."

"Wata huɗu kafin ka faɗa! Je ka tsoma fuska a ruwa, daga nan nake jin hakinka. Bari in kira yarinyar nan, kai za ka gaya mata da bakinka."

Ya zauna a bakin kejin, agwagi na tsattsagar takalminsa, yana jin muryarta can nesa tana ƙwala wa Auta kira.