Ramin da ke Ƙafar San Pedro

Faɗanmu na farko da Aurelio Chinchayán a kan man suya ne. Tun uwarsa ba ta yaye shi ba na kafa kaskona a bakin titin da ke gangarawa teku, ina soya picarones, wani irin fanke na dankali mai rami a tsakiya. Kwatsam sai ga shi ya dawo daga Lima, babban birninmu, da gashi har kafaɗa, ya kama shagon da ke jikin rumfata, ya toshe tagogin da leda. Ba a jima ba ya fito mini da wani dogon allo a hammata, irin wanda samari ke tsayawa a kai su hau igiyar ruwa, ya dangwarar da shi a gabana.

Ya ce, "Gwaggo Casilda, kin ga waɗannan ƙananan ramukan? Idon kifi ake ce musu. Manki ne ke tashi a iska ya sauka a kan aikina, sai ƙaron da nake rufe allon da shi ya ƙi kama wurin."

Na ce, "Man nawa fukafukai ya yi? Kai da warin shagonka ya kori har ƙuda daga unguwar nan, kai ne mai kawo ƙara? Jiya wata mata ta ciji picarón ɗina ta ce fenti take taunawa."

Ya ce in matsa da kaskon gaba kaɗan. Na ce ubansa ma bai isa ya matsa da shi ba, balle shi da na sha share wa majina. A ƙarshe muka raba yini, shi ya zuba ƙaronsa da sassafe, ni ba na hura wuta sai ya buɗe ƙofa ya ɗaga mini hannu. A haka muka tsufa kusa da juna.

Ubansa, Don Braulio, masunci ne na kwale-kwalen totora, kamar kowane namiji a garinmu. Ita kuwa totora ciyawa ce, tana shan ruwa ta yi nauyi ta ruɓe, a sake ɗaure wata. Aurelio ya tashi yana jan jiƙaƙƙun kwale-kwalen uban yana jingina su a rana, kuma tun a lokacin ya tsani duk abin da ruwa ke iya shiga. Wannan ƙiyayyar ce ta kai shi Lima, ya koyo aikin da ya dawo da shi.

Ba shi ke sassaƙa allon ba. Wasu ne ke fere shi daga wani farin soso mai tauri su kawo masa, nasa aikin rufewa. Zai shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi a kai, fari fat kamar likkafani, ya ɗiga wa ƙaro maganin daskarewa, ya kwarara, ya bi da 'yar roba yana ja daga tsakiya zuwa baki. Kana kallo ƙyallen zai ɓace, ya zama kamar ruwa ya tsaya cak a kan allon. Na sha leƙawa ta tsagar leda, ko da yake ban taɓa gaya masa ba. A ɗan lokacin nan kafin ƙaro ya kama, ko gobara aka yi ba ya waiwaye. Kuma duk allunan da ya rufe, bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Ruwa ko gwiwarsa bai cika kaiwa ba.

Matsalarsa, bai san inda aiki ke tsayawa ba. Ƙafar kujera ta tsage, ya rufe ta da gilashi. Bahon wankin matarsa, kwanon karensu, takalminsa. Wata rana na ajiye ludayina na shiga bayan gida, na dawo na tarar da mariƙinsa yana ƙyalli. Matarsa Nélida ta ce mini in tari ya kama ta, toshe baki take yi, kada ya ji wata tsaga a ƙirjinta ya ɗauko bokiti.

Ni ce mai sa wa mutum-mutumin waliyyinmu San Pedro kaya a 'yar majami'armu ta masunta, tun ina da ƙuruciya. Na katako ne, tsayinsa kamar yaron da ya fara famfara, kuma kakannin kakanninmu suka same shi a nan. Ƙafarsa ta dama tana leƙowa daga ƙarƙashin riga. Duk masuncin da zai shiga teku sai ya biya ya ɗora babban yatsansa a kan ƙafar nan, har wurin ya lotsa ya yi rami kamar cikin cokali, ya yi baƙi, ya yi santsi. Mijina Teófilo ya sa yatsansa a nan safiyar da teku ta riƙe shi. Ba a samu gawarsa ba, ba shi da kabari. Sauran zawarawa suna kai furanni maƙabarta, ni ramin nan nake zuwa in sa yatsana.

Wata shekara, bikin waliyyi ya matso, ina canza masa riga sai na ga bayansa ya tsage, garin katako na zubowa. Ƙwari da danshi sun ci shi. Don Melchor, shugaban masunta, ya ce in aka kai shi birnin Trujillo gyara ba zai dawo kafin ranar biki da ake fita da shi teku ba, gara a ba Aurelio ya ɗaure tsagar. Da kaina na raka waliyyin har shago.

Na ce, "Aurelio, tsagar baya. Ita kaɗai."

Ya ce, "To, Gwaggo." Amma idonsa na ta zagaya waliyyin daga sama har ƙasa, yadda yake kallon sabon allo. Na ga kallon nan, na ɗauka tsoron Allah ne ya kama shi.

Ana gobe jajibiri na je ɗaukowa, da sabuwar riga a hannuna. Aurelio ya buɗe ƙofa yana murmushi, ya ja leda gefe.

San Pedro na tsaye a kan katakon da ake ɗora alluna, yana ƙyalli kamar alewar da yaro ya tsotsa ya ajiye. Gemunsa na ƙyalli, idonsa na ƙyalli, har mabuɗan da ke hannunsa. Ina ganin fuskata a goshinsa. Na zagaya baya, sai ga wani ɗan zobe an dasa masa a tsakiyar gadon baya, irin wanda samari ke ɗaura wa igiya a allo.

Ya ce, "Don in ya faɗa ruwa kada ya ɓace. Ki ƙwanƙwasa ki ji, Gwaggo. Ruwa ya gama da shi har abada."

Ban ƙwanƙwasa ba. Na durƙusa na nemi ƙafar dama, na ɗora yatsana, sai ya zame ya sauka. Na sake ɗorawa, ya sake zamewa. Wurin ya zama sumul kamar gindin kwalba.

Ya ce, "Au, kin lura? Akwai wata muguwar lotsawa a nan. Ita ta fi ba ni wahala, sai da na cike ta sau biyu kafin ta yi daidai."

Na zauna a kan wani bokiti da ke kife, rigar waliyyi a cinyata, ina kallon mutumin nan yana goge hannu da tsumma, yana jiran yabo.

Kafin in dawo hayyacina labari ya kai bakin teku. Masunta suka cika ƙofar shagon. Don Melchor ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Wani dattijo ya matso ya danna yatsansa a ƙafar, ya ja, wurin ya yi ƙara ƙiii kamar an goge tagar mota. Ya dubi yatsan nasa ya ce, "An sa shi a kwalba. Ba ya jinmu yanzu." Nan take suka ce ba mai ɗaukar wannan abin zuwa teku, kuma ba mai shiga ruwa bai taɓa ƙafa ba. Daga baya wani ya ce a kwashe kayan shagon a zuba a teku, a haɗa da mai shagon.

Shi kuwa Aurelio sai raba ido yake. Wallahi bai gane laifinsa ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ɗan Braulio, haihuwar garin nan, ya kalli ramin nan ya ga lalacewa.

Na tashi na kore su waje, na tura ƙofa.

Na ce, "Gaya mini gaskiya. Ka goge wurin da samfefa?"

"A'a. Ba a goge lotsawa, cike ta ake yi."

"Ashe ramin na nan a ƙasa."

"Yana nan."

"Buɗe shi."

Ya ja da baya kamar na ce ya yanka karensa. "Doña Casilda, ba ki gane ba. Huda ɗaya ta isa. Ruwa zai shiga ta nan, ya bi katako, ya rasa hanyar fita. Gara ma da ban rufe shi ba gaba ɗaya."

Na ce, "A kan wannan mun yarda da juna. Ka san wa ya haƙa ramin da ka cike? Ubanka ya fi kowa, da babban yatsan nan nasa kamar saiwar rogo. Kullum sai ya murza, kamar mai kashe ƙwarƙwata. Teófilo kuma a nan na san hannunsa ya taɓa ƙasa na ƙarshe. Kana da inda kake kai wa Braulio furanni. Ni ka zuba wa nawa ƙaro."

Ya ce, da ƙaramar murya, "Zai ruɓe, Gwaggo."

Na ce, "Wa ka sani da ba zai ruɓe ba?"

Ya ɗauko 'yar wuƙar da yake datse bakin ƙyalle da ita. Ya durƙusa a gaban ƙafar. Ya bi gefen wurin a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya sa bakin wuƙar ya ɓanɓaro. Cikon ya fito ɗungurungum, garau kamar ƙanƙara, da siffar tafin babban yatsa. Ga ramin a ƙasa, baƙi, yadda na san shi. Ya miƙo mini ɗan ƙaron ba tare da ya dube ni ba. Yana aljihun zanen aikina har yau.

Aka yi biki. San Pedro ya shiga teku a kan babban kwale-kwalen totora yana walƙiya kamar sabuwar mota, Aurelio na tsaye a kan yashi, bai huta ba sai da aka ɗaura igiya a zoben nan. Matan garuruwan maƙwabta sun yi mana dariya har suka gaji. Masunta dai sun sa yatsa, sun shiga ruwa, ba wanda ya sake zancen zuba kayan kowa a teku.

Abin da ya biyo baya ne ban zata ba. Aurelio, wanda rabonsa da majami'a tun ɗaurin aurensa, ya koma zuwa kowace safiya kafin ya haɗa ƙaro. Zai durƙusa, ya sa babban yatsa a ramin, ya murza, ya ɗaga ya duba, ya fita. Har sabon Fadan majami'ar ya yabe shi a huɗuba, ya ce a yi koyi da shi.

Na tare shi a ƙofa na ce, "An ce ka shiryu."

Ya ce, "Danshi nake dubawa."

Na ce, "Duba da kyau, ɗan Braulio. Murzar taka ma irin tasa ce."

Shekaru ya yi a haka, har ramin ya ƙara zurfi a hannunsa.

Ƙurar gilashi da warin ƙaro ba su bar shi ba. Hancinsa ya daɗe da mutuwa, ko picarones ɗina ya ƙone ba ya ji, daga baya ƙirji ya karɓa. Ya rame, ya daina karɓar alluna, shagon ya zauna a rufe. Sai wata safiya na ji ƙarar samfefa ta jikin bango, ana gogawa ana tsayawa a yi tari. Na ajiye kwaɓin dankalina na shiga.

A kan katakon alluna akwatin gawa ne. Shuɗi, launin teku da hantsi, an rufe shi da gilashi ciki da waje, murfin ya zauna ba ko tsagar da allura za ta shiga. Na ɗauka bayan San Pedro ba abin da mutumin nan zai sake yi ya ɗaure mini kai. Na nemi bokitin nan na zauna.

Na ce, "Na wa?"

Ya ce, "Nawa. Nélida ba ta sani ba tukuna. Shafa ki ji, Gwaggo, ba idon kifi ko ɗaya. Ranar da kika je Trujillo wurin 'yarki na zuba na ƙarshe." Ya yi tari, ya share baki. "Ko tsutsa ba ta isa ba, balle ruwa."

Ban sake ganinsa a tsaye ba. Kwana kaɗan bayan nan aka kai shi asibiti, can ya cika. Ranar jana'iza masu ɗaukar akwatin suka yi ta tambayar juna me ya samu gwani irin Aurelio, da ya bar wani ɗan wuri ta wajen ƙafa ba ƙyalli, tsurar katako. A duk abin da ya yi a rayuwarsa, wannan ne kaɗai bai ba ni mamaki ba, don na san abin da na ce masa safiyar da na ga akwatin, kafin in fita in hura wutata:

"Kai dai ba ka jin magana sai an maimaita. Ɗauko wuƙar nan ka bar wuri daidai babban yatsa. Ƙasa tana da aikin da za ta yi, ni kuma sai na samu inda zan taɓa."