Ta'aziyyar da ta ƙi tafiya

Bayan ciwon suga ya hana Baba fita, ta kwamfuta yake zuwa ta'aziyya. Tsoffin ma'aikatan da suka yi aiki tare a sakateriya suna da shafi a intanet, inda ake sa sanarwar rasuwa da adireshin imel na iyalin mamacin. Baba ba ya yarda gaisuwa ta wuce ranar jana'iza.

Matsalar ita ce shafin yana buɗewa a burauza, manhajar duba shafuka, saƙonninsa kuma suna cikin wata manhaja dabam da ya saba da ita tun yana ofis. In ya danna adireshi a shafin, sai wata baƙuwar manhaja ta fito tana neman ya yi rajista. Don haka yakan rufe ta, ya kwafi adireshin harafi bayan harafi da yatsa ɗaya. Da idonsa ya raunana, sai haruffan suka fara kuɓuce masa.

Wata safiya na kai masa kunu a ɗakinsa a unguwar Jambutu, na tarar da shi a gaban kwamfuta. Abokinsa ne ya rasu, wani Kirista daga kudancin jiha da suka yi aiki a tebur ɗaya shekaru da yawa. Ranar Asabar za a binne shi, saƙon Baba zuwa ga babban ɗansa kuwa sai dawowa yake yi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "yaron nan zai ce na ji na yi shiru."

Na ce ya kawo in rubuta adireshin da hannuna. Ya ce to gobe fa, in ina shagon ɗinki wani ya mutu?

Na kira maƙwabciyarmu, malamar sakandare. Ta shigo da tsintsiya a hannu, ta leƙa allon.

"Baba, ba wanda ya lalace. Su biyun ba su san juna ba ne, sai an gabatar da su."

"Madam, har injuna ma sai da waliyyi?"

Ta yi dariya, ta sa ni na zauna a kujerar. Ta nuna mini saiti, wurin da ake zaɓar manhajar da za ta riƙa ɗaukar imel, na zaɓi ta Baba. Muka koma shafin, na danna adireshin. Burauza ta tambaya ko mun yarda ta buɗe waccan, na ce mun yarda. Sai ga manhajarsa, adireshin yaron a zaune a sama, babu harafin da ya ɓata.

Baba ya ce in tashi. Da kansa ya rubuta, a hankali, ya tura. Muka jira, bai dawo ba. Sannan ya sha kununsa, ko da yake ya huce.

Haka ya ci gaba da gaisuwarsa shi kaɗai har damina ta wuce.

Da Allah ya karɓi ransa, ƙungiyar tsoffin ma'aikatan ta nemi adireshin da za ta sa a ƙarƙashin sanarwarsa. Na ba su nasa. Bayan sadakar uku na kunna kwamfutar. Saƙon da ya fara shigowa daga ɗan abokin nan ne, ya turo tun kafin a kai Baba maƙabarta. Na amsa masa a kan kujerar Baba, da yatsa ɗaya, domin ni ma ban iya fiye da haka ba.